Rai Biyu a Jiki Ɗaya: Yadda Muka Mayar da Wasan Dibuk Rawa a Warso

Wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo a Warso, babban birnin Poland, ita ta ɗauke ni aikin tsara rawa. 'Yan wasa bakwai ne, maza huɗu mata uku, da makaɗi ɗaya, da mai kula da fitilu, sai darakta. Wasan da suke son ɗorawa shi ne Dibuk na S. An-ski, wanda babu wasan da ya kai shi suna a harshen Yidish. Tun ranar farko darakta ta gindaya sharaɗi biyu. Jiki ne zai ɗauki mafi yawan labarin, baki ya rage aiki. Sannan duk kalmar da ta tsira daga yanka, da Yidish za a faɗe ta, ba da harshen Poland ko Ingilishi ba. Ni wasan kwaikwayo na karanta a Zariya, rawar zamani kuma a Turai na koye ta, harshen nan kuwa ko gaisuwarsa ban sani ba a lokacin.

Yidish harshen Yahudawan tsakiya da gabashin Turai ne. Tushensa tsohon Jamusanci, ya ɗebi kalmomi daga Ibrananci da Aramiyanci, ya kuma ara daga harsunan maƙwabta na Poland da Yukren da Rasha. Da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu. Kafin yaƙin duniya na biyu masu magana da shi sun kai kimanin miliyan 11, kuma a Warso kaɗai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen gari Yahudawa ne. Yau sai ka wuni kana yawo a titunan birnin ba ka ji kalma ɗaya ta harshen ba. A cikin wannan yanayi muka fara aiki, kuma shi ya yi ta bin mu har ranar buɗewa.

An-ski, wanda sunansa na yanka Shloyme Zanvil Rapoport, an haife shi a 1863 a yankin Vitebsk. Daga 1912 zuwa 1914 ya jagoranci wata tawaga ta bi ƙananan garuruwan Yahudawa na Volhiniya da Podoliya, inda yau ke cikin Yukren, suna tattara tatsuniyoyi da waƙoƙi da layu da al'adun aure da na mutuwa. Sun naɗi muryoyin mutane a kan faifan kaki irin na wancan zamani, ya kuma tsara tambayoyi sama da 2,000 a kan rayuwar mutum tun daga ciki har bayan kabari. Yaƙin duniya na ɗaya ne ya katse aikin. Daga wannan tarin ya gina wasan, da farko da Rashanci, daga baya da Yidish, mawaƙi Bialik kuma ya fassara shi zuwa Ibrananci a 1918. An-ski bai ga wasansa a dandamali ba. Ya rasu a Nuwamba 1920, sai ƙungiyar wasa ta Vilna ta ɗora shi a Warso ranar 9 ga Disamba, daidai cikar kwana talatin na makoki.

Labarin kuwa ga shi a taƙaice. Abokai biyu, Sender da Nisen, sun yi alkawari tun matansu na da ciki cewa in ɗaya ya sami namiji ɗaya mace, za su haɗa su aure. Nisen ya rasu, Sender ya yi arziki ya manta. Ɗan Nisen, Honen, ya zo garin Brinits karatun addini, har yana cin abinci a gidan Sender, shi da 'yar gidan, Leya, zukatansu suka haɗu ba tare da sun san da alkawarin ba. Sender ya nemo wa 'yarsa ɗan masu kuɗi. Honen ya dulmuya cikin azumi da ilimin asiri na Kabala don ya juya lamarin, ranar da ya ji an sa ranar Leya ya faɗi ya mutu. Ranar biki, a gaban rumfar ɗaurin aure, ransa ya shiga jikin amarya, ta ture ango ta ce ba shi ne angonta ba. Wannan rai na mamaci da ke maƙale wa mai rai shi ne dibuk.

Maganar haƙƙin mallaka ba ta ba mu wahala ba, tunda marubucin ya haura shekara saba'in da rasuwa. Amma fassarorin zamani suna da masu su, don haka muka yanke mu koma rubutun Yidish kai tsaye. Aka samo mana wata dattijuwa da ta sha harshen a nono, ta kuma daɗe tana koyar da shi. Malama muke ce mata, da harshensu. Makonnin farko ba wanda ya ɗaga ƙafa. A teburi muke zama, ta karanta layi, ta fassara, 'yan wasa su maimaita, ta gyara. Ta nace a bi lafazin Volhiniya, domin shi ne lafazin da gidajen wasan Yidish suka saba da shi, kuma garin Miropol, inda rabin wasan na biyu ke faruwa, a can yake. Inda littafin koyo ya ce «u», ita «i» take so ta ji. In ɗan wasa ya zame sai ta buga yatsa a teburi, ba ta ɗago kai ba, ya koma ya sake. Ita ce kuma ta kai mu maƙabartar Yahudawa ta titin Okopowa, inda An-ski ke kwance ƙarƙashin ƙubba ɗaya da marubuta Perets da Dinezon, ta ce kowa ya aza ɗan dutse a kai yadda al'adarsu take, kafin mu taɓa masa rubutu da almakashi.

Yankan ya yi zafi. Wasan kashi huɗu ne, cike da dogayen hirarraki na masu zaman majami'ar Yahudawa da labaran waliyyai. Mu kuma sa'a ɗaya da 'yan mintuna muke da su. Ƙa'idar da muka bi ita ce, duk abin da jiki zai iya nunawa a cire shi daga baki. So, kunya, yunwar azumi, tsoron ango, duk suka koma rawa. Abin da jiki ba zai iya faɗa ba shi ne alkawari da hukunci, don ba yadda za a yi ƙafa ta bayyana cewa shekara ashirin da suka wuce wasu mutum biyu sun yi musabaha a kan 'ya'yan da ba a haifa ba. Waɗannan muka bar su a matsayin magana.

Babbar gardamar da muka yi a kan yadda shigar dibuk za ta kasance ne. Darakta ta ga hotunan bori a intanet, ta ga yadda mai hawa ke tsalle ya faɗo da mazaunai, ta ga juyawar ido da kumfar baki, ta ce tunda ga ni ɗan ƙasar, in kawo mata wannan ƙarfin. Ban ga laifinta ba, abin yana da ɗaukar ido. Amma jikina bai ba ni ba, kuma sai da na yi waya gida na gane dalili sosai. Gwaggona ta girma a unguwar da 'yan bori suke, ta san garaya da caki tun tana ƙarama. Na ba ta labarin wasan.

Ta ce, «To wane ne ya hau ta?»

Na ce, «Gwaggo, saurayinta ne da ya mutu.»

Ta yi shiru, sannan ta ce, «Kai yaro, ai wannan ba iska ba ne. Iska yana da sunansa da kirarinsa da kayansa, in an kaɗa masa ya zo, in ya gama a yi atishawa ya tafi. Wannan naku mutum ne, kuma haƙƙinsa ya biyo.»

Da wannan na koma wurin atisaye. Iskokin bori irin su Ɗan Galadima ko Malam Alhaji ba su taɓa zama mutanen da suka ci tuwo a gidan uban goɗiyarsu, wato wadda suke hawa, ba. Honen ya ci. Yana da uba, yana da kabari a bayan gari, yana da bashin da yake bi. Abin da ya fi komai kuma, Leya ce da kanta ta je maƙabarta ranar bikinta don ta gayyaci mahaifiyarta da ta rasu, ta kuma roƙi tsohuwar da ta raine ta, Frade, ta bar ta ta gayyaci shi ma. Yarinyar da ba a taɓa tambayar ta wa take so ba, sai ga shi karo na farko ta ce a'a a gaban gari duka, da muryar wani. In muka sa ta birgima tana kumfa, mun mayar da ita marar lafiyar da ake jiran a warkar, 'yan kallo kuma za su koma bayan masu cire dibuk. Ga kuma rashin adalcin ɗaukar al'adar wasu mutane a liƙa wa ta wasu don kawai dukansu baƙo ne a idon Bature. Bori na da masu shi, labarin nan ma yana da masu shi. Darakta ta saurara, ta ce in nuna mata abin da zan sa a madadinsa.

Abin da muka gina shi ne rawar mutum biyu. Mai fitowa a Honen ba ya barin dandamali bayan mutuwarsa. Yana tsayawa a bayan Leya, ƙirjinsa a bayanta, ƙafafunsa a bayan nata, ba ya taɓa ta da hannu ko sau ɗaya. Daga numfashi muka fara. Na sa su tsaya a haka tsawon lokaci, ba kiɗa, har haƙarƙarinsu ya riƙa buɗewa tare. Sannan na ce su saɓa: in ta shaƙa shi ya fitar, in ya shaƙa ita ta fitar. Kamar lugude ne, taɓarya biyu a turmi ɗaya, in ɗaya ta makara da ƙiftawar ido sai su gwaru. Sun gwaru ba adadi. Yarinyar takan ji jiri ta durƙusa, mu ba ta ruwa mu jira. Amma da abin ya zauna, sai ka ga hannunta ya tashi ba ka san wanda ya ɗaga shi ba, domin motsin ya faro ne daga kafaɗarsa ya ƙare a yatsunta. Wani wurin ita ke ja shi yana bi, wani wurin shi. Akwai gaɓar da ya so ya ja da baya sai ta jingina nauyinta duka a kansa, in ya matsa za ta faɗi, dole ya tsaya. Wannan gaɓar ita ce zuciyar wasan a wurina, kuma ba ta kai daƙiƙa goma ba.

Muryar ma haka muka yi da ita. A al'adar wasan, 'yar wasa ce ke sauke muryarta ta yi ta namiji, kamar yadda Hana Rovina ta shahara da yi a shirin ƙungiyar Habima a Mosko a 1922, wanda Vakhtangov ya ba da umarni. Mu sai muka raba jimlolin. Ita ta fara, shi ya ƙarasa, wani lokaci a tsakiyar kalma. Malama ta sha wahala a nan fiye da kowa, don sai ta nuna musu inda za a iya tsinka kalma ba tare da ma'ana ta zube ba.

Rawar mabarata ita ce wurin da kowane mai tsara rawa ke jin nauyin na gaba da shi. A al'adar garuruwan nan, mai kuɗi in zai aurar da 'ya yakan ciyar da talakawa, amarya kuma ta yi rawa da matansu ɗaya bayan ɗaya. Vakhtangov ya mayar da wannan abin tsoro, guragu da makafi suna juya amarya da kiɗan Yoel Engel har ta kusa suma. A fim ɗin 1937 da aka yi a Poland, Yudit Berg ta tsara rawar da amarya ke taka wa da mai fuskar mutuwa. A New York kuma Jerom Robins da Lenad Banstain sun mayar da labarin duka rawar bale a 1974. Na kalli abin da ake iya samu na waɗannan, na kuma ƙuduri cewa ba zan sa lafiyayyun matasa su riƙa kwaikwayon nakasa don su tsorata mutane ba. Talakawan nan ba dodanni ba ne. Su kaɗai ne a garin ke taɓa Leya ba da lissafin sadaki ba. Sai muka yi rawar a kan yunwar taɓawa: kowace ta riƙe hannun amarya ta ƙi saki, ta gaba kuma ta riga ta kama, har hannaye shida suka taru a kanta, saurin yana ƙaruwa. Akwai tsohuwa a rubutun da ke roƙon a ƙara mata zagaye ɗaya don ta shekara da shekaru ba ta yi rawa ba. Mun bar mata layinta, kuma mun bar Leya ta amsa mata da son ranta. Karin kiɗan makaɗinmu ya samo shi ne daga naɗe-naɗen faifan kaki na wancan zamani, waɗanda ake adanawa a ɗakin karatu na Vernadski a Kiyef, UNESCO kuma ta sa su cikin kundinta na adana tarihin duniya a 2005. Da kilarinet ɗaya da ƙaramar ganga ya yi komai.

Akwai wata jarabawa da duk mai taɓa wannan wasa a Poland ke fuskanta, wato ya mayar da shi makokin kisan ƙare dangi na Nazi. Mai tsara kayan dandamali ya kawo shawarar a jera takalma da riguna marasa mutane a gefe. Malama ce ta hana, kuma na goyi bayanta. Ta ce An-ski ya rasu shekara goma sha tara kafin yaƙin duniya na biyu ya fara. Mutanen da ya rubuta rayayyu ne, suna cinikin sadaki, suna gulma, suna shan barasa a majami'a don murnar baiko. In aka lulluɓe su da likkafani tun fitowar farko, an sake ƙwace musu rayuwarsu. Ta ce rashinsu ba sai an zana shi ba, zai ji kansa a zauren da za a yi magana da harshensu ba mai ganewa sai ya ɗaga kai ya karanta fassara a allo.

Kashi na ƙarshe, inda ake cire dibuk daga jikin Leya, yana buƙatar kayan ibada: naɗaɗɗun littattafan Attaura bakwai, ƙahonnin rago bakwai, baƙaƙen kyandirori bakwai. Mun je mun ga wani malamin Yahudawa a birnin. Ya karɓe mu da shayi, ya ce Attaura ta gaske ba ta hawa dandamalin wasa, sannan ya roƙa kada mu buga sunan Ubangiji da baƙaƙen Ibrananci a takardar shiri, domin 'yan kallo za su yar da ita a ƙasa ko a kwandon shara. Ni da na tashi a gidan da ba a taɓa Alƙur'ani sai da alwala, ban buƙaci ƙarin bayani ba. Ya kuma busa mana ƙahon a ofishinsa don mu ji da kunnenmu: busa ɗaya doguwa, sai uku kakkarye, sai tara gajeru a jere. Daga nan na samo rawar cirewar gaba ɗaya. Ba mu yi amfani da ƙaho ba. 'Yan wasa biyar suka kewaye su biyun, suka ja Honen ja ɗaya mai tsawo, suka fizge shi sau uku, suka girgiza shi sau tara, duk da numfashi mai sauti. A kowane zagaye tazarar bayanta da ƙirjinsa na ƙaruwa da faɗin tafin hannu. Tunda rubutun na son taron maza aƙalla goma mu kuma ba mu da su, sai muka zaunar da 'yan kallo a da'ira, aka kunna fitila a kansu a wannan gaɓa. Su ne jama'ar gari, da yardarsu ake yi.

Shari'ar mamaci da mai rai ita ce fitowar da muka bari kusan yadda aka rubuta ta. Rabai Azriyel na Miropol, malamin da ke cire dibuk ɗin, ya sa a rataya farin mayafi, a kira ran Nisen ya tsaya a bayansa ya kai ƙarar abokinsa. Ba mu sa kowa a bayan mayafin ba. Mai fitila ta sa ƙaramar fanka can nesa, mayafin ya ɗan kumbura ya koma, shi ke nan. Ƙarar ita ce Sender ya ga yaron a teburinsa, zuciyarsa ta raya masa ko ɗan wane ne, ya ƙi tambaya don kada amsar ta hana shi surukin mai kuɗi. Yanzu zuriyar Nisen ta yanke, ba mai yi masa addu'ar Kadish da ɗa ke yi wa uba. Hukuncin da aka yanke: alkawari a kan abin da ba a halitta ba tukuna ba ya ɗaure mutum a shari'a, amma Sender zai ba talakawa rabin dukiyarsa, ya kuma riƙa yi wa Nisen da Honen addu'a iya rayuwarsa. Aka nemi mamaci ya yafe, bai amsa ba. Mu da muke cewa alkawari kaya ne, mun san nauyin wannan shirun. Na sa mai fitowa a Sender ya tsaya cik tsawon fitowar, mutumin da tun farkon wasan bai daina kai da kawo ba.

Mun buɗe ranar Lahadi da yamma, don daren Juma'a da wunin Asabar lokacin hutun ibadarsu ne, kuma muna son duk mai kiyaye shi ya iya zuwa. A ƙarshen wasan an raba Leya da Honen, an zana da'irar kariya a kewayen Leya, kowa ya fita tarbar ango, Frade ta yi barci. Honen ya dawo ya tsaya a wajen da'irar. Da gari muka zana ta a ƙasa, don a ga sawun da ya ƙetare ta. Leya ce ta ƙetare ta zuwa gare shi, ta mutu.

Bayan wasa aka yi zaman tambayoyi, kuma kusan duka a kan wannan taku ɗaya ya ƙare. Wata ɗaliba ta ce Leya ta sami 'yanci. Wani dattijo da ya zo da jikarsa ya ce ina 'yanci, iyaye biyu da saurayi ɗaya ne suka taru suka kashe yarinya, kowa da nasa haƙƙin, ba wanda ya tambayi nata. Suka juyo gare ni. Na gaya musu abin da na sa a jikin 'yan wasan: hannayen Honen suna bayansa, bai miƙa ba, bai kira ta da motsi ba, nauyinta a kan ƙafarta yake lokacin da ta ɗaga ɗayar ta share garin. Dattijon ya ce ya ga haka, amma zaɓi tsakanin ango da ba ta so da kabari ba zaɓi ba ne. Ɗalibar ta ce shi ne kaɗai aka bar mata, kuma ta ɗauka da ƙafarta. Darakta ta tambayi Malama ra'ayinta. Ta ce ita abin da ta sani, mai fitowa a Frade tana haɗiye ƙarshen kalmomi a waƙar renon, kuma tana son ganin ta a teburi kafin wasan gobe.